Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Ciki Ba: Yadda Za a Haɗa Abincin Gida Ya Ba Jiki Haƙƙinsa

A yawancin gidajenmu, in aka tambaya ko yara sun ci abinci, abin da ake nufi shi ne ko cikinsu ya ɗauka. Koko da safe, shinkafa da mai da yaji da rana, tuwo da dare. Kowa ya ƙoshi, ba wanda ya kwana da yunwa, sai godiya. Amma in aka duba da idon basira, sau ukun nan abu guda aka ci, wato hatsi, kama kawai aka sauya masa.

Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma abin ya kai kashi 57. A faɗin ƙasar kuma binciken ya samu ƙarancin jini a jikin kashi 68 na ƙananan yara, da kashi 58 na mata masu shekara 15 zuwa 49. Arewa maso Yamman nan fa ita ce yankin da yake noma wake da gyaɗa da riɗi da waken suya, yake kiwon shanun da ake lodawa har Legas. Talauci yana da babban kaso a ciki, babu musu. Sai dai akwai wani kason da yake hannun maigida mai cefane da uwargida mai tukunya, kuma shi wannan jagora ta tasa a gaba.

Manomi ya san irin wannan matsala a gonarsa. Dawa za ta sha ruwan damina har ta gaji, amma ganye ya yi ɗorawa, zangarniya ta ƙi cika, don ƙasar ta rasa wani ɗan abu da taki kaɗan zai bayar. Jikin mutum ma haka yake yi, ciki a cike, jini da ƙashi da ƙwaƙwalwa suna jira.

Mataki na 1: A san abin da jiki yake nema

Abin da jiki yake ɗiba daga abinci iri biyu ne. Akwai wanda yake so da yawa, ana auna shi da giram, akwai wanda yake so ɗan mitsitsi, amma in babu shi komai ya tsaya.

Manyan guda uku ne. Na farko sitaci da sukari, waɗanda masana ke haɗawa su kira kabohaidiret. Su ne ƙarfin aiki, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, alkama, rogo, doya, dankali, duk nan suke. Na biyu furotin, wanda da shi jiki yake gina tsoka da fata da jini, yake ɗinke rauni, yake haɗa garkuwar da ke yaƙar cuta. Na uku maiƙo: man gyaɗa, man ja, man shanu, kitsen nama, da man da ke ɓoye cikin gyaɗa da riɗi. Ana auna ƙarfin da abinci ke bayarwa da kalori. Giram ɗaya na sitaci ko furotin yana ba da kalori 4, na mai kuwa 9. Shi ya sa cokalin mai guda a kunun yaro yake da tasiri, shi ya sa kuma mai son rage ƙiba yake fara duba soye-soye. Babban mutum yana buƙatar wajen kalori 2,000 zuwa 2,500 a yini. Wanda yake wuni da fartanya ko yana dako yana iya haura 3,000.

Ƙananan su ne bitamin da ma'adinai. Bitamin guda 13 ne. Huɗu daga ciki, A da D da E da K, sai da maiƙo hanji yake iya tsotse su, kuma jiki yana ajiye su. Sauran, wato bitamin C da dangin B, suna narkewa a ruwa, yawancinsu jiki ba ya tara su da yawa, don haka ana son su a kai a kai. A cikin ma'adinai, waɗanda suka fi ba mu wahala a nan su ne ayon na jini, kalsiyam na ƙashi da haƙori, zink na girma da garkuwa, da aidin na maƙogwaro da ƙwaƙwalwa.

Sai abu biyu da ake mantawa: ruwa, da faiba, wato ɓangaren hatsi da ganye da wake wanda ciki ba ya narkarwa amma shi yake sa hanji ya motsa.

Ba sai an haddace sunayen nan ba. Abin riƙewa shi ne babu wani abinci guda da ya tara su duka, in ban da nonon uwa ga jaririn da bai cika wata 6 ba.

Mataki na 2: A ƙirga abin da gidan ya ci jiya

Kafin a sauya komai, a zauna a tuna duk abin da ya shiga bakin mutanen gida tun daga karin kumallon jiya har kwanciya. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da ma'auni mai sauƙi da ta yi don mata masu shekarun haihuwa, amma yana nuna halin tukunyar gida baki ɗaya. Ta kasa abinci gida goma: hatsi da saiwoyi irin su rogo da doya, wake da danginsa, gyaɗa da riɗi da makamantansu, nono, nama da kaza da kifi, ƙwai, koren ganye, kayan lambu da 'ya'yan itace masu launin ɗorawa a ciki, kamar karas da kabewa da mangwaro da gwanda, sauran kayan lambu irin su tumatir da kuɓewa da yalo, sai sauran 'ya'yan itace. Ana son a taɓa aƙalla gida biyar a yini.

A yi ƙirgar da gaskiya. Albasa ɗaya da aka yanka a tukunyar mutum goma sha biyu ba ta shiga lissafi, haka ɗan kifin da aka jefa don ƙamshi. Ana ƙirga abin da kowa ya samu aƙalla cikin babban cokali. Da yawan gidaje za su tarar sun tsaya a biyu ko uku. Gidajen abincin da suka rage ba a taɓa ba, su ne aikin da ke gaba.

Mataki na 3: A bar hatsi da rigarsa

Tuwo ba laifi ba ne, kuma ba wanda zai raba Bahaushe da shi. Gero da dawa ma sun fi farar shinkafa ayon da faiba nesa ba kusa ba. Inda muke asara shi ne wajen surfe. Bitamin B da ayon da zink da faiba sun fi taruwa a fatar ƙwayar hatsi da ɗan idon da ke tsirowa. In aka surfa aka sake surfawa don tuwo ya fito fari tas, an kwashe mai kyan an zuba a dusa, akuya ta ci gina jiki, mutanen gida su ci sitaci. A rage surfen, ko a riƙa haɗa gari surfaffe da wanda ba a surfa ba har baki ya saba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu aƙalla giram 25 na faiba a yini, kuma masu fama da taurin bayan gida da basir su ne za su fara ganin bambanci.

Shinkafar gida da ake turarawa da ɓawonta kafin a casa ta fi fara sol ta waje riƙe bitamin B1, domin turarin yana tura shi cikin ƙwayar. Kada a yi ta wanke ta sau biyar, kuma a dafa da ruwan da za ta shanye, ba wanda za a tsiyaye a zubar ba.

Akwai wata hikimar iyayenmu da ta dace a riƙe da kyau. Hatsi da wake suna ɗauke da wani sinadari da yake ƙulle ayon da zink ya hana hanji ɗauka. Jiƙawa, da barin gasara ta kwana ta yi tsami, da tsirar da hatsi, duk suna karya shi. Wato koko mai tsami da wainar da ƙullunta ya tashi sun fi sakar wa jiki abin da ke cikinsu.

Mataki na 4: A haɗa hatsi da wake kullum

Babban mutum yana buƙatar kusan giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 60 ke nan yana neman giram 48 a yini. Mai ciki, da mai shayarwa, da yaro mai tasowa, da wanda ya tashi daga jinya, buƙatarsu ta fi haka in aka gwada da jikinsu.

Mutane da yawa da sun ji furotin sai su tuna tsire da balangu, su ce wannan sai masu hali. Ga lissafin da ya fi kusa da aljihu. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6. Kofi ɗaya na dafaffen wake, wajen 13. Cikin tafin hannu na gyaɗa, wajen 7. Kofin nono ko kindirmo, wajen 8. Waken suya ya fi su duka, fiye da kashi ɗaya cikin uku na busasshensa furotin ne, shi ya sa awara ta cancanci girmamawa fiye da yadda ake yi mata. Shi kansa hatsin yana da kusan kashi 10 cikin 100.

To me ya sa hatsi kaɗai ba ya isa? Furotin haɗi ne na ƙananan sinadarai iri 20, kuma 9 daga ciki jiki ba ya iya ƙera su, dole sai daga abinci. Hatsi yana da ƙarancin ɗaya daga cikinsu, wanda wake yake da shi a wadace. Wake kuma yana da ƙarancin wani, wanda hatsi yake da shi. In suka haɗu sai su cike wa juna giɓi. Duba abincinmu na gado: koko da ƙosai, shinkafa da wake, ɗanwake, kunun gyaɗa, fura da nono, tuwo da miyar wake, dambu da ƙuli-ƙuli. Waɗanda suka fara haɗa su ba su shiga ajin kimiyya ba, amma sun dace. Abin takaici shi ne yadda ake zare rabin haɗin idan kuɗi ya yi ƙasa, a sha koko ba ƙosai, a yi garau-garau da wake ƙwaya goma. A ganina gara a rage shinkafar a ƙara waken. Gwangwani ɗaya na wake a kan biyu na shinkafa ma'auni ne mai kyau. Ba dole ba ne kuma su haɗu a kwano ɗaya, in an ci su a yini ɗaya ya wadatar.

Kada a raina gurjiya, da daddawar kalwa, da kantun riɗi, da fara a lokacinta. Waken suya kuwa dole a dafa shi ko a soya shi sosai, ɗanyensa yana hana ciki narkar da furotin.

Duk da haka a samu ɗan abin dabba, ko kaɗan ne, sau da yawa a mako. Bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke buƙata, ba ya cikin tsiro. Sai a nono, ƙwai, kifi ko nama.

Mataki na 5: A mai da hankali kan miya

Nan ne zuciyar maganar. A kwanon Bahaushe kusan duk bitamin da ma'adinai a cikin miya suke, amma ita ce ake yi wa ƙwauro. A tuƙa tuwo malmala uku, a kaɗa kuka cokali biyu a ruwa da magi, a ce an yi miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a yini, ban da rogo da dankali. In ana son kusantar wannan, sai miya ta yi kauri, ganye ya zama abin ci, ba ado ba.

Fara da ayon. Da shi jiki yake yin jan sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini. In ya yi ƙasa sai kasala, jiri, haki, fari a tafin hannu da cikin fatar ido. Namiji babba yana buƙatar wajen miligiram 8 a yini, mace mai al'ada 18, mai ciki 27. Ayon ɗin hanta da nama da kifi yana shiga jiki da sauƙi. Na wake da zogale da alayyafo da gero yana da taurin kai, sai an taimaka masa. Mai taimakonsa bitamin C ne. Matsa lemon tsami a kan kwaɗon zogale, yanka ɗanyen tumatir a kan shinkafa da wake, ba yara gwaiba ko lemo bayan abinci, ko a dama garin 'ya'yan kuka a sha. Mai hana shi kuma shayi ne. Wanda ya saba kora abinci da baƙin shayi mai kauri yana rage ayon ɗin da zai samu, don haka a ba da tazarar awa ɗaya ko biyu. A tuna kuma ba abinci kaɗai ke kawo ƙarancin jini ba, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna cinye shi. Mai sikila kuwa kada ya sha ƙwayar ƙarin jini sai likita ya ce.

Sai bitamin A, mai kula da ido da fata da garkuwa. Alamar farko ta rashinsa dundumi ne, yaro ya riƙa tuntuɓe da magariba ta yi. Yana cikin man ja, karas, kabewa, mangwaro, gwanda, dankalin Hausa mai jan ciki, ƙwai, hanta, da duk ganye mai duhun kore. Miyar taushe ta gaske, mai kabewa da alayyafo da gyaɗa, da wuya a samu miyar da ta fi ta. Amma a kula da abu biyu. Man ja da aka bari a wuta har ya yi hayaƙi ya washe ya rasa abin da ake nema a cikinsa. Ganye kuma yana son ɗan mai kafin jiki ya amfana da shi, abin da ƙuli-ƙuli da man da ake sa wa kwaɗo suke yi ke nan. A Najeriya doka ta sa a ƙara bitamin A a man girki da sukari da fulawa na kamfani, ana gane su da tambarin ido a jikin leda ko galan. Yara daga wata 6 zuwa 59 kuma ana ɗiga musu shi a baki duk wata shida a asibiti, a kai su.

Kalsiyam yana da labari na musamman a wajenmu. A ƙasashen sanyi, in ƙafafun yaro suka lanƙwashe, rashin hasken rana ake zargi, domin da rana fata take yin bitamin D. Amma binciken da likitoci suka yi a Jos, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna yaranmu masu wannan larura rana ba ta yi musu kaɗan ba, kalsiyam ne babu a abincinsu, kuma da aka ba su shi ƙasusuwan suka warke. Yana cikin nono da kindirmo, da kuka, da zogale, da riɗi, da ƙananan busassun kifi in an daka su da ƙayarsu an zuba a miya. Matan da ba su cika fita ba su riƙa shan hantsi a tsakar gida, saboda nasu bitamin D.

Yanzu kanwa. Ana jefa ta a wake don ya yi saurin nuna, a kuɓewa don ta yi yauƙi, a ganye don ya tsaya kore. Tana yin aikin, amma tana kashe bitamin C da B1. Wake in aka jiƙa shi tun dare zai nuna ba tare da ita ba, ga sauƙin itace ko gawayi. A taƙaita ta iya ɗan abin da girkin ba ya yiwuwa sai da shi.

Wajen dafa ganye, a wanke kafin a yanka, a zuba shi a ƙarshe, a rufe tukunya, a sauke da sauran korensa. Ruwan da aka tafasa zogale da shi kada a zubar, a mayar cikin miya. In za a busar da kuka ko zogale ko yakuwa don rani, a shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, rana tana cinye bitamin A.

Mataki na 6: Gishiri, sukari da mai

Waɗannan uku matsalarsu yawa ce, ba rashi ba, musamman a birni inda hawan jini da ciwon sukari suka zama ruwan dare. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Wadda ta jefa shida a tukunya sannan ta ƙara gishiri, ga yaji mai magi a gefe, ta wuce iyaka tun kafin a kai ga abincin dare. A rage a hankali, a ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Gishirin kuma ya zama mai aidin, wanda Najeriya ta wajabta tun 1993. Shi ya rage maƙoƙo a ƙasar nan, kuma ƙwaƙwalwar ɗan tayi tana buƙatarsa. A ajiye shi a rufe, nesa da zafin murhu.

Sukari kada ya wuce giram 50 a yini, wajen ƙananan cokula 12, in an tsaya a rabin haka ya fi. Kwalba ɗaya ta lemon kwalba tana iya ɗaukar cokali tara. Zoɓo da kunun aya da fura abin sha ne masu kyau, sukarin da ake antaya musu ne yake ɓata su.

Mai kuwa, wanda aka soya ƙosai da shi aka sake soya awara aka sake soya dankali har ya yi baƙi, a haƙura da shi.

Mataki na 7: A duba wa ake zuba wa me

Ana iya dafa tukunya mai kyau rabo ya lalata ta. Al'adarmu ita ce tsoka da ƙwai su tafi kwanon maigida, yara su samu romo. Maigida, da girmanka, kai ne mafi ƙarancin buƙatar wannan tsokar a gidan. Ginin jikinka ya kammala. Masu buƙata su ne mai ciki, mai shayarwa, 'yan mata da suka fara al'ada, da yaron da bai kai shekara 2 ba. Daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2 kwana 1,000 ne, kuma tsumburewar da ta faru a wannan tsakani da wuya ta gyaru daga baya. Zancen cewa yaro in ya ci ƙwai zai yi sata, ko zai yi jinkirin magana, ba shi da tushe.

Mai ciki ta ƙara cin abinci sau ɗaya a kan yadda ta saba, ta je awo da wuri, ta sha ƙwayoyin ayon da folik asid, wani bitamin na dangin B, da ake ba ta kullum, ko da suna sa bayan gida ya yi baƙi. Hanta tana da amfani, amma mai ciki kada ta yawaita, bitamin A ɗin cikinta yana da ƙarfi ƙwarai. Bayan haihuwa a yi hattara da kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kanwa haɗe da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Kunun gyaɗa, nono, farfesu da miyar ganye sun fi mata.

Jariri a sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Dakashi, wannan nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Har wata 6 nono zalla, ba ruwa, ko ana zafin bazara, domin fiye da kashi 80 na nonon ruwa ne. Zuma kuma a jira sai ya shekara, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri ba ya iya yaƙa.

Daga wata 6 a fara ba shi abinci, nono yana ci gaba har shekara 2. Kuskuren da ya fi yawa shi ne koko tsararo. Cikin yaron bai fi ƙaramin kofi ba, in aka cika shi da ruwa-ruwa an cuce shi. Kunu ya yi kaurin da zai zauna a cokali in an karkata. Ga haɗin da ma'aikatan lafiya suke koyarwa, wanda ake kira Tom Brown: gwangwani 6 na hatsi, gero ko dawa ko masara ko a gauraya, gwangwani 3 na waken suya, gwangwani 1 na gyaɗa. A jiƙa waken suyan a cire ɓawo a shanya, a soya kowanne daban sama-sama har ya yi ƙamshi, a haɗa a niƙa. A riƙa damawa ana dafawa sosai, a ƙara ɗan man ja, ko garin kifi, ko dafaffen ƙwai da aka murƙushe. Ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci sau biyu zuwa uku a yini, daga wata 9 sau uku zuwa huɗu da ɗan abin taɓawa kamar ayaba ko gwanda. A ba shi kwanonsa daban, in aka haɗa shi da yayyensa ba za a san abin da ya ci ba.

In gudawa ta kama shi kada a daina ba shi nono da abinci. A ba shi ruwan gishiri da sukari na leda, da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14. In kuma aka ga yana ramewa, gashi ya yi ja ya yi laushi, ko ƙafafu biyu sun kumbura har in an danna yatsa wurin ya lotsa, tamowa ce, a tafi asibiti ranar. Akwai ɗan tef mai launi da ake auna damtsen yaro da shi: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, haɗari, daga nan zuwa 12.5 ruwan ɗorawa, gargaɗi. Abincin gyaɗa na leda da ake bayarwa a cibiyoyin tamowa magani ne na wannan yaron shi kaɗai, ba na rabawa da 'yan'uwansa ba, balle kai wa kasuwa.

Mataki na 8: Cefane, ajiya da ruwa

In kuɗin cefane kaɗan ne, bayan hatsi a fara da wake ko waken suya, sai gyaɗa, sai ganye, sai busasshen ƙaramin kifi, sai man ja. Taliyar leda da biskit da lemon kwalba su zo ƙarshe, in ma sun zo. A bi lokaci: mangwaro da bazara, rama da tafasa da yakuwa da damina, kabewa da kaka, karas da tumatir da sanyi lokacin da suke araha. Goruba, magarya, kanya, ɗinya da aduwa 'ya'yan itace ne su ma, ba sai tuffa ba. Bishiyar zogale biyu a bayan ɗaki, inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa, za su riƙe miyar gida mafi yawan shekara.

Ruwa ba shi da adadi guda ga kowa, mai aiki a rana ba daidai yake da mai zaman ofis ba. Fitsari ne ma'auni, in ya yi duhu a ƙara sha. Da azumi a rarraba shan tsakanin buɗa-baki da sahur, kada a tara shi lokaci ɗaya.

Da kaka a sayi wake kafin ya yi tsada, a zuba a buhun PICS mai ninki uku ko jarka mai murfi a toshe iska, ƙwari za su mutu ba tare da an barbaɗa maganin feshi a abin da za a ci ba. Gyaɗa da masara kuma a busar da su sosai a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba, a ajiye inda babu laima. Funfunar da ke kama su tana fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda take lalata hanta, ake kuma danganta ta da tsumburewar yara, kuma dafuwa ko suya ba sa kashe ta. A tsince duk ƙwayar da ta yamutse, ta sauya launi ko take ɗaci, a zubar. Kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli ko kunun yara da ita don gudun asara, kada kuma a ba saniyar da ake tatsa, gubar tana bi ta cikin nono.